Motar Kwana-Kwana Da Amanar Jama'a: Wa Zai Biya Kuɗin Wutar Da Ba Ta Tashi Ba?

Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da hukuma kan tanada da dukiyar jama'a, da wuya a sami wanda al'amarinsa ya kai na motar kashe gobara ban mamaki. Asibiti ana gina shi ne domin majinyata su zo, makaranta domin ɗalibai su cika ta, hanya kuwa domin a bi ta dare da rana. Ita kuwa motar kwana-kwana sai a saye ta da kuɗi masu ɗimbin yawa, a gina mata rumfa, a cika ta da ruwa da mai, a ɗauki ma'aikata su riƙa kwana kusa da ita, sa'an nan kowa ya koma gida yana roƙon Allah kada Ya kawo ranar da za a neme ta. Shekarar da gari ya fi samun alheri ita ce wadda motar ta yi a tsaye ba ta fita ba. Wannan ne ya sa mai riƙe da baitulmali yakan ga kamar kuɗin da aka kashe a kanta asara ne, shi kuma talaka ba ya tunawa da ita sai ranar da hayaƙi ya turnuƙe unguwarsu.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wasu tambayoyi da suka danganci ɗabi'a da sanin ya kamata fiye da yadda suka danganci kanikanci. Shin wajibi ne al'umma ta riƙa kashe dukiya saboda masifar da ba ta auku ba, alhali ga waɗanda suka riga suka auku suna jiran magani? Idan wajibi ne, a wuyan wa nauyin yake, kuma wa ya cancanci ya ci moriyar abin? Sa'an nan mene ne matsayin wanda ya sayi mota ya kuma bar ta ta mutu a tsaye? Dalilin yin waɗannan tambayoyi a fili yake. A 1983 wuta ta kama dogon benen kamfanin sadarwa na NET da ke Legas. A watan Janairu na 1985 ta ci Gidan Koko na Ibadan, wanda ba a sake buɗe shi ba sai 1992. A 2002 babbar kasuwar Jos ta ƙone, ta kuma yi fiye da shekara 20 ba a sake gina ta ba. A 2016 dubban shaguna suka salwanta a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a 2021 aka yi ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina, a watan Fabrairu na 2023 kuma Kasuwar Litinin ta Maiduguri ta bi sahu. Kudu da Arewa babu wanda abin ya ƙyale.

Me Ake Saye In An Ce An Sayi Mota?

Kafin a shiga muhawara, ya kyautu mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Motar kashe gobara ta yau da kullum abubuwa uku ne a haɗe: tanki, da injin tura ruwa, da ma'ajiyar kayan aiki, wato mesa da tsani da gatari da tukwanen iskar shaƙa da tufafi masu jure zafi. Tankin galibi yakan ɗauki ruwa tsakanin lita 2,000 zuwa 4,000. Adadin yana da girma a kunne, amma mesa ɗaya tak tana iya fitar da lita 400 ko fiye a cikin minti ɗaya. Idan aka buɗe biyu, tanki mafi girma daga cikin waɗannan zai ƙafe a cikin kamar minti 5. Ashe ke nan ruwan da mota ta ɗauko na fara yaƙi ne kurum. Ci gaba da yaƙin ya dogara ne ga famfunan gobara na bakin titi, ko wata ma'ajiyar ruwa a kusa, ko tankokin da za su riƙa jigila. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, sai mota ta juya neman ruwa, wutar kuwa ba ta jira.

Haka kuma ba kowace wuta ruwa ke kashewa ba. Man fetur ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka yakan taso bisa ruwan ya bi shi duk inda ya gangara. Irin wannan wuta sai da kumfa ta musamman, ita kuma kumfar sayen ta ake yi, tana kuma lalacewa idan ta daɗe a ajiye. Tsanin mota na yau da kullum bai fi mita 30 ba, wato kimanin hawa 10, alhali Gidan Koko hawa 26 ne. Irin wannan gini, in babu bututan ruwa da aka shimfiɗa a cikinsa tun lokacin ginawa, mota ba ta da abin da za ta yi wa hawan sama. Ga kuma maganar lokaci: ɗaki mai katifa da labule da kayan roba yana iya kamawa baki ɗaya cikin ƙasa da minti 5. Abin da ya sa ke nan ƙungiyar NFPA ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin aikin kashe gobara, ta sa minti 4 a matsayin tsawon tafiyar da ya kamata motar farko ta yi daga tasha zuwa wurin gobara a birane. Ita ce kuma ta ba da shawarar cewa motar da ta wuce shekara 15 a mayar da ita ta ko-ta-kwana, wadda ta wuce 25 kuwa a sauya ta.

Game da farashi, a 'yan shekarun nan sabuwar motar tura ruwa a Amurka ta kusanci dala miliyan 1, mai dogon tsani kuwa takan kai miliyan 2, kuma mai saye yakan jira shekaru kafin a kawo masa. Mu da muke shigo da motocin da kayan gyaransu daga waje, faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni na 2023 ta ƙara mana nauyin abin. A taƙaice dai, wanda ya ce ya sayi motar kwana-kwana, zobe ɗaya ya saya daga cikin sarƙa. Sauran zobban su ne ruwa, da mai, da taya, da batir, da bakanike, da ma'aikaci mai horo, da hanyar da mota za ta bi, da wayar da za a kira ta. Zobe ɗaya ya tsinke, sauran ba su da amfani a ranar.

Shin Ana Sayar Da Kashe Gobara?

Akwai masu ra'ayin cewa tun da abin yana da tsada haka, a bar wa mai so ya biya: mai kanti ya biya a tsare masa kantinsa, wanda bai biya ba ya ji da kansa. Tarihi ya riga ya gwada wannan ra'ayi fiye da sau ɗaya. Marubucin nan na Girka, Plutarch, ya ba da labarin attajirin birnin Rum mai suna Crassus, wanda yake da bayi magina fiye da 500. Duk sa'ad da gobara ta tashi sai ya je ya taya gidan da ke ci da wuta da na maƙwabta a wulaƙantaccen farashi, masu gidajen kuwa su sallama saboda tsoro. Ta wannan hanya ya mallaki wani babban yanki na birnin. Daga baya, a shekara ta 6 Miladiyya, Kaisar Agustas ya kafa rundunar 'yan kwana-kwana ta hukuma, ƙungiya 7, kowace tana lura da unguwa 2 daga cikin unguwanni 14 na birnin, aka kuma keɓe haraji domin ɗaukar nauyinta.

Birnin Landan ma ya bi wannan hanya. Bayan babbar gobarar 1666, wadda ta cinye gidaje fiye da 13,000, kamfanonin inshora suka kafa nasu 'yan kwana-kwana, kowane kamfani yana manna tambarinsa a bangon gidan da ya ɗauki lamuninsa. Ba da daɗewa ba suka gane cewa gidan da ba shi da tambari, in ya kama, zai kunna wa mai tambari. A 1833 suka haɗa rundunoninsu wuri guda a ƙarƙashin James Braidwood, mutumin da ya jagoranci rundunar birnin Edinbura tun daga 1824. A 1861 bango ya faɗo masa ya mutu a wata gagarumar gobara da ta tashi a ɗakunan ajiyar kaya na bakin kogi. Bayan wannan ne kamfanonin suka nuna wa gwamnati cewa nauyin ya fi ƙarfinsu. Aka yi doka a 1865, aikin ya koma hannun hukuma a 1866, amma aka wajabta wa kamfanonin su ci gaba da ba da nasu kason.

Misali na kusa ya faru a 2010 a jihar Tennessee ta Amurka. Garin South Fulton yana karɓar dala 75 a shekara daga mazauna karkarar da ke wajen iyakarsa domin ya riƙa kai musu ɗauki. Gidan wani mutum da bai biya ba ya kama wuta, aka ƙi kashewa. 'Yan kwana-kwana ba su sa hannu ba sai da wutar ta kai ga filin maƙwabcinsa wanda ya biya, suka tsare nasa, gidan farko kuwa ya ƙone ƙurmus. Masu kare wannan mataki suna da hujja mai nauyi: in aka kashe wa wanda bai biya ba, gobe babu wanda zai biya, kuma rundunar za ta rushe. Hujjar gaskiya ce, sai dai abin da take nunawa shi ne tsarin ne ba shi da kyau tun daga tushe. Duk tsarin da zai tilasta wa mai mesa a hannu ya tsaya yana kallon gidan mutum yana ci, don kawai ya tsare asusunsa, ya ɗora wa ma'aikacin abin da zuciyar ɗan Adam ba ta yarda da shi. Mafita ita ce a karɓi kuɗin daga kowa tun kafin wuta, ta hanyar haraji, domin a ranar wuta kada a tambayi kowa rasit.

Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akan ɗauki karin maganar a matsayin gargaɗi ga mutum ya kula da kansa, amma tana kuma bayyana halin wuta, wato ba ta san iyakar gemu da gemu ba. Abin da ba a iya tsare wa mutum ɗaya sai an tsare wa maƙwabcinsa, ba haja ba ce da za a kasa a kasuwa. Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan aiki, farilla ta kifaya: wajibin da in wasu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, in kuwa kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Haka kakanninmu suka ɗauki ganuwa. Ba a gina wa mai kuɗi tasa, talaka tasa. Guda ce ta kewaye gari, kuma gayya ake yi a gyara inda damina ta zubar.

Hujjar Masu Cewa Akwai Abin Da Ya Fi Gaggawa

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta ƙarancin abin hannu. Shugaban ƙaramar hukuma yana iya cewa: ga asibiti babu magani, ga yara suna mutuwa da zazzaɓin cizon sauro kowace damina, ga makaranta rufinta ya yaye, yaya zan ɗauki kuɗin da zai ceci rayuka a wannan wata in zuba a motar da watakila ba za ta fita ba sai baɗi? Wannan magana ba ta son kai ba ce, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Mutuwar da ake gani yau tana da haƙƙi a kanmu.

Amma akwai abubuwa biyu da hujjar ta tsallake. Na ɗaya, gobara a garuruwanmu ba abin watakila ba ce. Abin da ba a sani ba shi ne rana da wuri. Duk wanda ya san hunturu, da busassun rumfuna, da wayoyin lantarki da aka jona barkatai, da janareta da jarkar fetur a cikin shago, ya san cewa wuta tana tafe. Masifar da aka tabbata za ta zo, ko da ba a san ranarta ba, hukuncinta hukuncin bashi ne da lokacin biyansa bai yi ba. Mai hankali yakan ware masa wani abu tun yau. Ƙissar Annabi Yusufu, wadda Musulmi da Kirista duka suka sani, a kan wannan take: a shekaru 7 na yalwa aka tara hatsin da aka ci a shekaru 7 na fari, kuma babu shakka a waɗancan shekaru na yalwa akwai masu buƙata da za su so a raba musu abin da ake zubawa a rumbu.

Na biyu, gobarar kasuwa ita kanta tana haifar da irin masifun da ake cewa sun fi gaggawa. Shago ɗaya yana ciyar da mai shi da iyalinsa, da yaran shago, da ɗan dako, da mai sayar musu da abinci. Yawancin 'yan kasuwarmu ba su da inshora, kuma da dama kayan bashi ne a shagunansu. In kasuwa ta ƙone a dare ɗaya, gobe akwai yaron da za a cire daga makaranta, akwai majinyacin da ba za a iya saya wa magani ba, kuma ita kanta ƙaramar hukumar ta rasa kuɗin shigar da take samu daga kasuwar. Malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Gobara tana taɓa rai da dukiya kai tsaye, sauran kuma ta bayan fage.

Duk da haka, ƙarancin abin hannu yana da darasin da yake koyarwa, wato a sayi abin da ya dace da wuri. Garin da ba shi da bene mai hawa 4 ba ya buƙatar mota mai dogon tsani. Kasuwa mai ƙananan lunguna ta fi buƙatar ƙananan motoci masu iya kutsawa, da rijiyar burtsatse, da babban tankin ruwa a cikinta, da tukwanen kashe wuta a kowane layi, da 'yan sa kai da aka koya wa abin da za su yi a minti 5 na farko. Kuɗin babbar mota ɗaya yana iya samar da waɗannan a wurare da yawa. Zaɓen babbar mota don ta fi kyan gani a ranar biki almubazzaranci ne, ko da an yi shi da sunan ceton rai.

Akwai kuma masu fakewa da ƙaddara, su ce gobara daga Allah take, abin da zai ƙone sai ya ƙone. Imani da ƙaddara gaskiya ne, kuma shi ne ke sanyaya zuciyar wanda ya yi asara. Amma magani ne ga wanda abin ya sama, bai zama uzuri ga wanda aka ba amana ya yi sakaci ba. Ya zo a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a riƙa kashe wuta kafin a kwanta barci. Haka nan Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, ya kuma nuna wa masu gardama cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Jami'in da ya karkatar da kuɗin taya da batir, sa'an nan ya zo jaje yana cewa haka Allah Ya so, ya haɗa laifi biyu: cin amana da jingina wa Ubangiji sakacinsa.

Saye Da Riƙo

A nan ne, a ganina, babbar matsalarmu take. Aikin kashe gobara a Nijeriya ba sabon abu ba ne. Ya faro ne a 1901 a matsayin wani sashe na 'yan sandan Legas, aka kuma kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da dokar 1963, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. An daɗe ana sayen motoci. Abin da ya yi ƙaranci shi ne riƙo. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Saye yana da rana: a jera motoci jajaye, a kira makaɗa da 'yan jarida, a yanka zare, a rubuta sunan mai girma a jikin ƙofa. Saye yana da kwangila, kwangila kuma tana da kamasho. Riƙo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu wanda ake yi wa kirari don ya canza baƙin mai a kan lokaci, ko ya gwada injin tura ruwa kowace safiya, ko ya shanya mesa bayan aiki don kada ta ruɓe. Aiki ne na kullum wanda ba a ganin sa sai ranar da aka rasa shi.

To, amma motar da ke tsaye a tasha ba taya ko ba batir ta fi rashin mota sharri ta wata fuska. Garin da ya san ba shi da mota yakan yi nasa tanadi, ko da na bokiti da yashi ne. Garin da ke ganin jar mota kullum a bakin titi yakan saki jiki. Motar tana yi wa duk mai wucewa alkawarin cewa in ka kira za a zo. In ta kasance matacciya, alkawarin ƙarya ne, kuma hukuma ce ke yin ƙaryar kowace rana ba tare da ta buɗe baki ba. Saboda haka sakaci da gyara yana cikin babin yaudara, ba a babin rashin iya aiki kaɗai ba.

Wannan cuta ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A gobarar da ta auka wa birnin Los Angeles a watan Janairu na 2025, an sami motocin hukumar kashe gobara da yawa suna garejin gyara, kuma famfunan wasu unguwanni sun ƙafe ana tsakiyar aiki. A gida kuwa, lokacin da tankar mai ta faɗi ta kama wuta a Anacha a watan Oktoba na 2019, wutar ta bi magudanar ruwa ta isa kasuwar Ochanja, sai da aka kawo ɗauki daga Asaba ta jihar Delta, ƙetaren kogi. Birnin da ke cikin manyan cibiyoyin ciniki na Afirka ta Yamma ya jira taimakon maƙwabta.

Wanda kan sha hukuncin wannan sakaci shi ne ɗan kwana-kwana. Sau da yawa a garuruwanmu in mota ta iso a makare, ko ruwanta ya ƙare, sai jama'a su bi ta da jifa. Fushin abin fahimta ne, amma an kai shi inda bai dace ba. Mutumin da ake jifa shi ne aka tura cikin hayaƙi, wani lokaci ba tukunyar iska ba tufafin kirki. Wanda ya hana kuɗin yana gida yana barci. Al'ummar da ta nemi mutum ya shiga wuta dominta ta ɗauki bashin ba shi kayan da zai fito da rai, da albashin da zai riƙe iyalinsa, da kula da su in bai fito ba.

A Wuyan Wa?

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 14, ya bayyana tsaron jama'a da jin daɗinsu a matsayin babban maƙasudin gwamnati. Jadawali na huɗu kuma ya danƙa wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. Ƙa'idar da ta kamata a bi a nan mai sauƙi ce: wanda ke karɓar kuɗin rumfa shi ke da nauyin tsare rumfa. Hukumar da ke aika mai rasit kowace ranar kasuwa ba ta da bakin cewa ba ta da kuɗin tankin ruwa. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli na 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, in aka aiwatar da shi yadda ya kamata, zai rage uzurin da ake bayarwa. Wannan fahimta tana da asali a wurinmu. A cikin Usulus Siyasa, littafin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya sa kula da kasuwanni da hanyoyi da sauran abubuwan amfanin jama'a a cikin ayyukan shugaba.

Adalci kuma ya shafi inda za a ajiye motar. In tasha tana kusa da gidan gwamnati da unguwar manya, inda gidaje ke da tazara da faɗin titi, alhali unguwannin da mutane suka cunkushe suna nesa, to, an karɓi harajin kowa an tsare wasu. Ma'aunin da ya dace shi ne yawan jama'a da girman haɗari, domin ran mai ɗakin haya da na mai bene daidai suke.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora komai a kan hukuma. Ɗan kasuwar da ya kafa rumfa a kan hanyar da aka bari domin mota, da jami'in da ya sayar masa da filin, da mai jona waya ta ɓarauniyar hanya, da mai ajiye fetur a shago, da direban da ya ji jiniya ya ƙi kaucewa, kowannensu ya tsinka zobe ɗaya daga cikin sarƙar da aka ambata. Masu hali ma suna da rawar da za su taka. Mun saba ganin attajirai da gwamnoni suna ba da gudummawar miliyoyi bayan kasuwa ta ƙone. Alheri ne, Allah Ya saka. Amma da wani kaso na wannan kuɗi ya zo tun da fari, a matsayin wakafi da aka tsayar domin man mota da kayan gyara da rijiya, da mai yiwuwa ba a kai ga jaje ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, har da na 'yan'uwanmu mazauna Sabo da Zango a garuruwan Kudu, sun iya tara kuɗin masallaci da na masu gadi; tara na tankin ruwa da tukwanen kashe wuta ba zai gagare su ba.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tanadin kayan kashe gobara wajibi ne a kan al'umma baki ɗaya, domin wuta ba ta tsayawa a iyakar wanda ya biya, kuma zuwanta tabbas ne ko da ba a san ranar ba. An nuna cewa ƙarancin kuɗi dalili ne na zaɓen abin da ya dace da wuri, bai zama dalilin barin tanadi ba, haka kuma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. An kuma nuna cewa sayen mota ba tare da riƙe ta ba yaudarar jama'a ne. Abin da ya rage shi ne mu sauya irin tambayar da muke yi wa shugabanni. Maimakon mu tambayi motoci nawa aka saya, mu tambayi nawa ne za su tashi in an murza makulli yau da dare, ina za su sami ruwa in na tanki ya ƙare, kuma nawa aka ware a kasafin bana domin gyaransu. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mu da gobarar duniya da ta Lahira, amin.